Dashen Suma da Ruwan Zafin Inna

Tun ina shekara uku nake da tabo a kaina. Kaza na biyo da gudu a tsakar gida, na yi tuntuɓe, na faɗa murhu ta gefen hagu. Ban tuna zafin ba, labari aka ba ni. Abin da na taso na tarar shi ne fili mai sulɓi, faɗin tafin hannu, daga saman kunne zuwa kusa da tsakiyar kai, yana ta ƙyalli, ko sili ɗaya na suma babu. Sauran kan kuwa cunkus yake, baƙi wuluk, irin sumar da ke karya mataji.

Mutane kan ce, to ke da kike mace, ɗankwali ya rufe, mene ne na damuwa? Duk masu faɗin haka da sumarsu a kai suke faɗa. Ba su taɓa zama a ɗakin biki ana zafi kamar a mutu ba, kowace mace ta tuɓe ɗankwali tana fifita, ke kaɗai kin ƙudundune kai kina ƙaryar mura. Ban taɓa zama gaban makitsiya ba. Inna ke min kitso a ɗaki, ƙofa a rufe, ta jawo sumar gefe ta kwantar a kan tabon, shi ma ba ya rufuwa duka. Samari biyu na kora ba su yi min laifin komai ba, kawai don na hango ranar da sai sun gani. Ina da baki, duk unguwa an sani, amma in mutum ya kai hannu kusa da kaina, ko da wasa ne, sai in kauce da sauri.

A tsakiyar shekarun casa'in muna haya a Kwamba, wata unguwa a Suleja. Babanmu ya rasu, gidan gado na unguwar Wambai ya yi wa dangi kaɗan, sai Yayana ya kama mana ɗaki biyu, ni da shi da Inna. Shi yana aiki a wata ma'aikata a Abuja, ya bi bas da sassafe ya dawo da magariba a wujijjige. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare. Gida ne irin na haya, ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, kowa da yarensa. Ƙofarmu na kallon ta wata nas, Kirista daga kudancin Kaduna, muna ce mata Sista. Ita ta ga tabon wata rana da igiyar shanya ta fizge min ɗankwali. Ba ta ce wayyo ba, ba ta kuma kau da kai ba, shi ya sa ban tsane ta ba. Matsowa ta yi ta duba da kyau, sannan ta ce akwai wani likita ɗan ƙasar waje da ke zuwa wani asibiti a Kaduna lokaci-lokaci, yana cire suma daga ƙeyar mutum ya dasa masa inda babu.

Na ce, "Sista, kan nawa albasa ne da za a yi masa dashe?"

Ta ce, "Yi dariyarki. Ni dai na ga wanda aka yi wa da idona."

Dariyar ta baki ce kawai. Daga ranar ban sake iya tunanin wani abu ba. Yaya bai yi gardama ba, ya ce in dai zai yiwu zai san yadda zai yi. Inna ce ta ƙi. Ta ce, "Auta, ciwon da ya warke shekara ashirin, shi za ki kai a sake buɗewa? Me ya yi miki?"

Sai an san Inna kafin a gane abin da ya biyo baya. Ita ake kira in mace ta haihu a unguwa, ta yi mata wankan jego, ta gasa cibiyar jariri. Targaɗe, kumburin allura, maruru, duk wurinta ake kawowa. Maganinta ɗaya ne: tukunya a wuta, tsohon zani, ɗan gishiri. Ta tsoma zanin ta matse da hannunta kamar ruwan rijiya ne, ta danna maka a ciwon. Kuma wallahi ana warkewa, ba zan yi mata ƙarya ba, mu kanmu da shi ta raine mu. Ma'auninta kuwa ihun mai ciwo ne. In kana zaune shiru, to bai shiga ba. Sai ka fara zillo kana kiran uwarka sannan ta ce, "Yauwa, yanzu ya fara aiki."

Kuka na yi mata, na daina cin abincin kirki, har ta gaji ta ce in je, Allah Ya sa a dace.

Sista ta raka ni Kaduna. Likitan dattijo ne, ba ya jin Hausa, da Turanci muka yi magana. Ya danna tabon da babban yatsa, ya ɗaga, ya tsaya yana kallon yadda jini ke dawowa wurin. Ya ce fatar tabo ba ta da jini sosai, ba kowane lokaci take karɓar dashe ba. Don haka zai fara dasawa da tazara a tsakani. In ya kama, in dawo bayan wata biyar ya cike giɓin, kai ya rufe. In bai kama ba, ba zai sake taɓa ni ba, domin duk inda ya cire a ƙeya ba ya sake tsirowa, ba zai ƙarar min da mai kyau a banza ba. Na gane sarai. Dama ɗaya gare ni.

Aka kwantar da ni rub da ciki, aka aske min ƙeya. Allurar kashe zafi ita ce azabar, sai da na ciji zanin gado. Bayan nan ban ƙara jin ciwo ba, sai sauti. Wani ƙarfe ne kamar bututun biro mai kaifin baki, ya kafa shi ya murza, in ji ƙurus a cikin ƙoƙon kaina. Kowane murzawa ya ɗauko ɗan guntun fata da bai wuce ƙwayar dawa ba, da 'yan silin suma a jiki, a jefa a wani ɗan kwano mai ruwa. Da ya tara abin da yake so aka juya ni, ya huda ramuka a tabon layi-layi, ya riƙa ɗaukar guntayen da hantsaki yana zaunar da kowanne a raminsa. Sista na riƙe da ƙafata. Ni kuwa duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Da aka gama aka naɗe min kai da bandeji. Likitan ya zaunar da ni ya yi min dokoki. Sati biyu kada ruwa ya taɓa wurin, kada in sosa, kada in sunkuya, in kwanta ta dama da matashi mai tudu. Ɓawon ciwo zai faɗi da kansa, kada in ɓamɓare. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce in saurara da kyau: sumar da ya dasa za ta zube bayan 'yan makonni, kada in tsorata, saiwar na nan a ciki, sai wata na uku ko na huɗu sabuwa za ta fito. Na gyaɗa masa kai. A lokacin maganar ta zo min da sauƙi.

A hanyar dawowa duk ramin da motar ta faɗa sai in tallafe kai da hannu biyu, ina ganin kamar guntayen za su yi tsalle su fita.

Washegari fuskata ta kumbura, idon hagu ya rufe. Ina kwance na ji ƙarar itace ana karyawa, na leƙa, ga Inna ta ɗora babbar tukunya.

Na ce, "Inna, ruwan me ne wannan?"

Ta ce, "Ruwan me kuwa? Ba ki ga fuskarki ba? Jini ne ya kwanta. In ba a gasa ba ruɓewa zai yi ta ciki."

Na ce likita ya hana. Ta ce likitan ya san kumburi ya kai haka ne? Na tashi da jiri na tsallaka ɗakin Sista. Ita ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Mama, don Allah ki yi haƙuri. Wannan ba irin ciwon da kika saba ba ne. Kumburin zai sauka da kansa."

Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "'Yar nan, ina gasa ciwo tun ba a haife ki ba."

Sista ta ce, "Na sani, Mama. Amma wannan dai ki bar min."

Haka muka yi sati biyun nan. In Sista na wurin aiki sai in shige ɗakinta in sa sakata. Salla a zaune nake yi. In na ji an ɗora tukunya, ko ta tuwo ce, sai na leƙa. Ƙaiƙayi kuwa kamar an zuba min tururuwa a ƙarƙashin bandejin, in zauna a kan hannuwana don kada su kai kansu. Inna ta daina yi min maganar, amma na san abin ya ci ta. Wata maƙwabciya ta kawo ɗanta da targaɗe, ina ji Inna na ce mata, da ƙarfi don in ji, "Ku dai kun yarda da ni. 'Yar cikina kuwa guduna take yi kamar na zama dodo." Raina ya sosu, amma ban buɗe ƙofar ba.

Kumburin ya sauka kamar yadda Sista ta ce. Aka cire bandeji, ɓawon ya zube, na ɗauki madubi. Ga su nan, 'yan tsirarun suma a jere, gajeru, baƙaƙe, a wurin da ban taɓa ganin komai ba tun da na yi wayo. Ba wani kyau suka yi ba, gaskiya, kamar buroshin goge takalmi da ya tsufa, amma na zauna na yi ta kuka. Inna ta zo ta duƙa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah Ya sa ya ɗore." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ana haka mahaifin Sista ya rasu, ta tafi garinsu, ta ce za ta jima, tunda ita ce babba.

Bayan tafiyarta da 'yan kwanaki na fara ganin suma a kan matashi. Na ce ai likita ya faɗa. Washegari ta fi yawa. Na sake cewa ai likita ya faɗa, amma muryar da nake faɗa wa kaina ta fara rauni. Kafin sati ya zagayo wurin ya koma tas, ya ma fi da muni, domin yanzu ga zagaye-zagaye a jere kamar tandar masa. Sai kuma wasu ƙuraje suka fito a tsakiya, biyu sun yi farin baki. Wannan kam likita bai faɗa ba. Na je ofishin waya na bi layi rabin yini, da ƙyar aka samu asibitin, wanda ya ɗauka ya ce likitan ya koma ƙasarsu sai nan da 'yan watanni, shi kuma bai san komai a kan dashen suma ba. Lokacin ana wahalar fetur, motar Kaduna sai an yi kokawa. Yaya ya ce in yi haƙuri in jira, ya fita neman bas ɗinsa.

Da Inna ta yi min gori da na samu abin yin faɗa. Ba ta yi ba. Sai ta koma lallashi, wannan kuwa ba ni da maganinsa. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Auta, ba na hana ki abin da kike so ba ne. Ni ma ina so in ga kanki ya rufe. Amma dubi ƙurajen nan. Mugunya ce a ciki, ita ta cinye sumar. In an fitar da ita wataƙila a ceci saura."

Na ce, "Likita ya ce kada ruwa ya taɓa."

Ta ce, "Na kwana nawa ya ce?"

Na ce sati biyu.

Ta ce, "Yanzu fa?"

An wuce wata. Gaskiya ne sati biyu ya ce, kuma har na fara wanke wurin da ruwan sanyi. Shi bai san ana gasa ciwo a gidanmu ba balle ya hana, ni kuma bai zo min in tambaya ba. Na kwana biyu ina juya maganar. Kullum na ɗauki madubi sai in ga kamar ƙurajen sun ƙaru. In dai mugunyar ce ke cin saiwar, to zaman da nake yi shi ne kisan. In kuma ba ita ba ce, ruwan ɗumi me zai yi wa ciwon da ya riga ya rufe? Haka na yi ta lissafi har na kai kaina inda Inna take so.

Ranar Asabar ce da hantsi, an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, Yaya ya tafi ɗaurin aure. Na ce, "Inna, ɗora ruwan." Ta miƙe da sauri kamar yarinya, har da murmushi.

Muka shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na zauna a kujera 'yar tsugunno, ta naɗa min tawul a wuya, ta ajiye roba da ruwan a gefe, tururi na tashi. Ta yi bisimilla, ta tsoma zanin ta matse, ta fara daga ƙasa, wajen kunne. Ko daƙiƙa ba a yi ba na zabura.

Na ce, "Inna, zafi."

Ta ce, "Madalla. Nan da ransa, jini na gudu. Ba ya buƙatar da yawa."

Ta matsa sama, tsakiyar tabon inda ƙurajen suke. Ta danna. Na ji nauyin hannunta kawai.

Ta ce, "Ya shiga?"

Na ce, "Ban ji komai ba."

Ta ce, "Kin gani ko? Nan ne ciwon yake. Wurin ya mutu."

Ta zubar da na robar, ta fita ta ɗebo wani daga tukunya, ba ta sirka ba. Ta sake dannawa, ta daɗe. Wani ɗigo ya gangaro ya tsallake tawul ɗin ya sauka min a kafaɗa, na yi tsalle don zafi, amma a kai ko ɗumi ban ji ba. A nan wani abu ya ɗarsu a raina. Na ce, "Inna, anya bai yi yawa ba?" Ta nuna min hannunta ta ce, "Ga shi da hannuna nake matsewa." Hannun da ya shekara talatin a tafasasshen ruwa, tafinsa kamar ƙirgi. Ta ce in yi shiru in bari ya shiga, in na ji shi ne za ta bari. Ni ma jiran da nake yi ke nan, in ji zafin in san wurin na da rai. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har tukunyar ta kusa ƙarewa. Ban ji ba. Daga ƙarshe ita ce ta tsaya da kanta, ta ɗaga zanin, ta duƙa tana duba wurin.

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Ba komai. Ya ɗan yi fari."

Kafin azahar wurin ya tashi, ya ɗuri ruwa, bororo guda babba da ƙanana kewaye da shi. Na tsaya gaban madubi ina ta kallonsa. Yaya ya dawo ya gani, ya jefar da hularsa. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Ya ce, "Inna, dafa ta kika yi." Ta ce mugun ruwan ne ke fita. Ya ɗauke ni a kan acaɓa zuwa wani ƙaramin asibiti cikin gari, suka ce ƙuna ce, kuma ta yi zurfi. Na yi makonni ina zuwa wankin ciwo. Fatar sama ta saɓule gaba ɗaya, wata ta fito, siririya, ja-ja.

Da Sista ta dawo ta buɗe ta gani, sai ta zauna a bakin gado. Ta ce fatar tabo dama ba ta ji sosai, ga shi kuma an yi mata huda da yawa, jijiyoyin ji ba su dawo ba tukuna. Ko garwashi aka ɗora ba zan ji ba. Ƙurajen kuwa ba komai ba ne, sukan fito su tafi. Na ce saiwar fa? Ta ce, "Sai dai mu jira."

Inna ta tsaya a kan bakanta. Ta ce dashen ya riga ya mutu kafin ta taɓa, kowa ya ga sumar ta zube. Na so in yi mata rashin kunya, kalmomin na nan a bakina, amma na haɗiye. Kuma abin mamaki, sannu a hankali ni ma na fara jingina da maganarta. In dai dama ya mutu, to ba wanda ya kashe shi, sai in ci gaba da cin tuwo kwano ɗaya da uwata. In kuwa ya tsiro a inda ruwan bai ci ba, to mun san abin da ya faru da sauran. Na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Kullum da safe in shafa saman kunne da yatsa, ina roƙon Allah in ji kaushi, ina kuma tsoron in ji. Daga baya na daina shafawa, na kife madubin a ƙarƙashin akwati. Gidan ya yi shiru. Muna gaisawa, muna girki, ba mai ambaton kai.

A cikin wata na huɗu ne, wata Juma'a da safe, Inna na tsefe min kitso. Ina zaune tsakanin ƙafafunta, tana ba ni labarin wata mai jego. Yatsunta suka zo saman kunnen hagu, labarin ya tsaya a tsakiya. Na ji ta shafa wurin, ta koma ta sake shafawa. Ta juya kaina wajen hasken taga. Na ji numfashinta a kunnena.

Na ce, "Inna, mene ne?"

Ta tashi ta ɗaga akwatin da kanta, ashe ta san inda na ɓoye madubin, ta miƙo min. Layukan ƙasa, wajen kunne, duk sun tsiro, kowane zagaye da 'yan silinsa, ƙanana, baƙaƙe, ba wanda ya yi fashi. Daga nan zuwa sama, inda ta fi dannawa, fata ce kawai tana ƙyalli.

Ta ce, a hankali, "Ashe da gaske fitowa zai yi."

Ta koma ta zauna ta ƙarasa min tsifar. Ni ban yi murna ba, ban yi kuka ba. Abin da na shekara ashirin ina jira ne ya zo, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na safiyar nan ba. Ranar ba ta ci abinci ba. Da yamma aka zo kiranta wankan jego, ta ce a nemi wata.

Buri ɗaya ya rage min: tunda ƙasa ya kama, wataƙila likitan ya yarda ya sake dasa saman. Da muka ji ya dawo, Sista na bakin aiki, Yaya bai samu izini ba. Inna ta ce ita za ta raka ni. Matar da ko Abuja ba ta son zuwa don amai a mota. Tun daga Suleja har Kaduna tana riƙe da leda a hannu.

Likitan ya gane ni. Na tuɓe ɗankwali, ya fara da wajen kunne, fuskarsa ta washe, ya ce ya kama fiye da yadda ya zata. Sai ya ɗaga ido sama, murmushin ya ɗauke. Ya tambayi abin da ya faru. Na faɗa masa a taƙaice, ban ce wa ya yi ba. Ya dubi Inna da ke zaune a kujerar gefe ta rungume jakarta, ya dawo da idonsa kaina. Ya danna wurin da yatsa, ya ɗaga, ya daɗe yana jira. Ya matsa gefe ya sake dannawa.

Ya ce fatar ta ƙone sau biyu, ta yi siriri, ba jinin da zai riƙe dashe. In ya sa, mutuwa zai yi, in yi asarar na ƙeyata a banza. Zai iya ƙara min kaɗan a layukan ƙasa su yi kauri. Sama kuwa sai haƙuri. Na roƙe shi. Na ce ko 'yan kaɗan ne ya gwada. Ya girgiza kai, ya ce ba don ba ya so ba ne.

Inna ta ce, "Auta, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce saman ba zai yiwu ba."

"Don me?"

Na kama abin da ya fi sauƙi, na ce, "Ya ce ba ya so ya ƙarar min da na ƙeya."

Sai ta ajiye jakar, ta zame mayafinta, ta kai hannu ta kwance ɗankwali. Dattijuwa mai shekara sittin, a gaban baƙon namiji, ga wani ma'aikaci ma a tsaye bakin ƙofa. Ta juya wa likitan ƙeya, ta sunkuyar da kai, ta sa yatsu ta buɗa sumarta, rabi furfura, don ya gani da kyau.

Ta ce, "Ki ce masa ya ɗiba a nan. Ya bar naki. Ya kwashe duka in yana so, ni ba abin da zan yi da ita."

Likitan ya gane ba sai na fassara ba. Ya ce min, da murya ƙasa-ƙasa, sumar wani ba ta kama kan wani, ko da uwa ce da 'yarta, kuma matsalar ma ba ta sumar ba ce. Ya ce in faɗa mata.

Na ce, "Inna, ya ce na wani ba ya kamawa."

Ba ta ɗago ba. Yatsunta na nan riƙe da sumar a buɗe.

Ta ce, "Ai ni ba wani ba ce. Ki ce masa ya gwada."

Likitan ya juya wajen famfo yana wanke hannu, ya daɗe bai juyo ba. Na durƙusa a gabanta, na zare yatsunta daga cikin sumar ɗaya bayan ɗaya, domin ta ƙi saki.